Fagen Kokawa a Ƙasar Zamfara da Rabon Mata a Cikinsa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Tsafe da Gusau da Bunguɗu, a zamanin da dare bai zama abin tsoro ba tukuna, ya san cewa idan damina ta ɗauke, aka girbe gero aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, dawa kuma ta nuna tana jiran masu yanka, to, lokacin kokawa ya yi, wadda mutanen wannan nahiya suke kira kokowa, kamar yadda 'yan'uwansu na Sakkwato da Gobir da Maraɗi suke faɗi. Da farin wata ya fito sai a ji ganga ta ɗauka daga bakin kasuwa ko gindin wata tsamiya, samarin wannan gari su ɗunguma zuwa wancan, dattawa su shimfiɗa buzu a gaba, yara su kutsa tsakanin ƙafafun manya, a buɗe fage. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan al'ada shi ne wata tambaya da take yi mini kai-kawo a zuci tun ranar da na ga wata 'yar Nijeriya ta tsaya a gaban duniya an rataya mata lambar azurfa saboda kokawa: mene ne rabon mata a fagen kokawar ƙasarmu, kuma me ya sa ƙasar da ta haifi ƙarfafan mata irin namu ba a san ta da mace mai sana'ar kokawa ba?

Kafin a shiga wannan mas'ala, ya kamata a tuna cewa kokawa a ƙasar Hausa wasan manoma ce, kamar yadda dambe a asalinsa na mahauta ne, sharo kuma na Fulani makiyaya, domin kowace jama'a tana gwada samarinta ne da irin jarumtakar da rayuwarta take bukata. Saurayin nan da ya sha gaban kowa a kunya ranar gayya, makaɗa suna bin sa da gangar noma suna zuga shi, shi ne dai wanda zai ɗaura warki da kaka, ya rataya layu da guraye da kambu, ya shiga tsakiyar fage ya yi kirari, ya ambaci garinsu da ubangidansa da waɗanda ya taɓa kayarwa, sa'an nan ya tsaya yana jiran wanda zai tare shi. Hukuncin wasan kuwa ba shi da wuyar ganewa: babu naushi, babu makami, sai kamawa da sarƙewa da taɗiya da ɗagawa, kuma da zarar ɗaya ya kai ɗan'uwansa ƙasa magana ta ƙare, an yi kaye; idan kuwa aka daɗe ba wanda ya rinjayi wani, sai manya su shiga su raba. Ladan wanda ya yi kaye bai wuce goro da riga da 'yan kuɗin da masu kallo suka manna masa ba, ko rago idan abin ya ƙasaita. Babban abin da ake nema shi ne suna, watau a ce garin wane ba a kai bayansu ƙasa ba bana. Saboda haka ko ga maza, kokawa a nan ba ta kasance sana'ar da mutum zai ci abinci da ita shekara zagaye ba, ado ce a kan noma.

Wannan yanki da muke magana a kansa mahaɗa ce ta abubuwa biyu da suka daɗe suna zaune tare. A gefe guda akwai tsohuwar al'adar manoma da maharba, wadda babbar shaidarta ita ce Kwatarkwashi, garin nan na gindin dutse a ƙaramar hukumar Bunguɗu, wanda ya girmi Gusau nesa ba kusa ba, ya kuma shahara da Maguzawa da bikin kamun maiki. A ɗaya gefen akwai ilimi da malanta, tun daga 'Yandoto, tsohon birnin malamai da ke kusa da Tsafe, wanda har yau sunansa ne sarautar sarkin Tsafe, zuwa Gusau da Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, ya kafa a zamanin jihadi, da Bunguɗu ta Sarkin Fulani. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya ya zarce Ƙauran Namoda a 1929, auduga da gyaɗa suka zama kuɗi, baƙi suka cika Sabon Gari, sai wasannin ƙarfi suka sami masu biya. Amma dambe ne ya fi cin moriyar wannan canji, domin mahauta mutanen kasuwa ne masu yawo gari-gari, kuma sun sami mawaƙi irin Ɗan'anace wanda ya ɗaukaka sunan 'yan dambe Shago da Ɗandunawa har suka wuce iyakar lardin Sakkwato. Kokawa kuwa yawancinta ta zauna a ƙauye, inda aka haife ta.

To, ina mata a cikin wannan duka? Wanda ya ce ba su ciki, lalle bai taɓa tsayawa a bakin fage ba. 'Yan matan gari su ne suke kafa sahu a gefe da kwalliyar kaka, su ne masu tafi da waƙa, guɗar tsofaffi ita ce take sanar da na nesa cewa an yi kaye, kuma kyautar da budurwa za ta miƙa wa saurayi a bainar jama'a, ko goro ne ko ɗan ƙyallen share zufa, ta fi masa rigar da mai gari zai ba shi daraja, domin sau da yawa daga nan ne maganar aure take farawa. Uwar ɗan kokawa ita ce mai dama masa fura da kula da cimarsa, ita ce kuma mai kwana tana addu'a. Da za a cire mata daga dandali, da ganga ta yi sanyi a daren farko, gama rabin abin da yake tura saurayi tsakiyar fili idon da ke kallonsa ne.

Ƙarfi kuwa, ba a nan aka rasa shi ba. Akwai karin maganar da ke cewa ƙarfin mata sai yawan magana, ni kuwa ban taɓa yarda da ita ba, kuma ina tsammanin wanda ya fara faɗinta bai taɓa riƙe taɓarya daga hantsi zuwa azahar ba. Macen karkara da take sussukar damin gero, ta surfa, ta daka, ta ja guga a rijiya mai gaba goma, ta ɗauko itace daga daji da goyo a bayanta, tana da ƙarfin kafaɗa da na ƙugu da na ƙafa, waɗanda su ne jarin ɗan kokawa. Matan Maguzawa kuma, da suke noma gayaunarsu da hannunsu, ba su bar wa maza komai ba a wajen riƙon fartanya. Ina yaro na sha ganin 'yan mata a dandali, bayan an gaji da gaɗa, biyu su sarƙe da juna cikin raha, ƙawaye su kewaye su suna ihu, har ɗaya ta taɗe ɗaya, kuma a kowace unguwa an san yarinyar da ba a kayarwa. Sai dai wannan kokawa ba ta da makaɗi, ba ta da kirari, ba mai manna mata kuɗi, kuma wa'adinta gajere ne ƙwarai, domin ranar da aka sa yarinya a lalle, tana 'yar shekara goma sha uku ko sha huɗu, ranar ce ta yi ban kwana da dandali, alhali kuwa a wannan shekarun ne tsaranta namiji yake fara koyon kamu, yana da shekara goma sha biyar ko fiye a gabansa na shiga fage. A ganina wannan shi ne babban dalili, ya fi kowane dalili nauyi: hanyar mace tana yankewa ne daidai inda ta namiji take farawa. Ƙasar da take riwayar cewa 'Yargoje ta yi sarautar Zamfara ba ta jahilci cewa mace tana iya shugabanci da jarumtaka ba. Abin da ba ta tanada ba shi ne filin da ƙarfin jikin mace zai zama abin koyo da gwadawa bayan ƙuruciya.

Mutane da yawa suna gaggawar jingina al'amarin ga addini, amma wanda ya duba littattafai da insafi zai ga maganar ta fi haka faɗi. Kokawa a kan kanta malamai ba su haramta ta ba. Ya zo a cikin Sunan na Abu Dawuda da na Tirmizi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana, wanda ya shahara da ƙarfi a cikin Ƙuraishawa, ya kuma kayar da shi. Masu sira sun kawo labarin Samura ɗan Jundubu da Rafi'u ɗan Khadiju, yara biyu da suka yi kokawa gabanin yaƙin Uhudu, da Samura ya yi kaye aka ba shi izinin fita tare da runduna. Imam Suyuɗi ma, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya wallafa ƙaramar risala ta musamman a kan kokawa. Ta ɓangaren mata, hadisin tseren da Annabi ya yi da Nana A'isha sananne ne, ta tsere masa a karo na farko, ya tsere mata a na biyu bayan shekaru, kuma babu ɗalibin da bai san tsayuwar Nusaiba 'yar Ka'abu ranar Uhudu ba. Abin da malaman ƙasarmu suka yi inkari a dandali shi ne abubuwan da suka lulluɓe wasan: bayyanar al'aura, cuɗanyar maza da mata da dare, dogaro ga tsafi da surkulle, alfahari da zagi a cikin kirari, da shagala daga salla. Waɗannan kuwa illoli ne na tsari, ana iya gyara su ba tare da an kashe asalin abin ba.

A nan ne nake so mai karatu ya dakata tare da ni kaɗan, domin a cikin ƙasar Zamfara ɗin nan aka taɓa yin wata muhawara wadda, ko da yake a kan ilimi aka yi ta, ƙa'idar da ta fito daga cikinta ta shafi maganarmu. Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a Zamfara, mata suna halartar majalisinsa, sai wani malami, Musɗafa Gwani, ya aiko masa da suka a rubuce, yana neman ya hana mata zuwa saboda gudun cuɗanya. Shehu ya umurci ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, kamar yadda Abdullahin ya kawo a cikin Tazyinul Waraƙati, kuma gundarin amsar shi ne cewa ba a cuɗa su da maza ba, an keɓe musu wurinsu, sa'an nan barin su cikin jahilci ɓarna ce da ta fi fitowarsu girma, shari'a kuwa tana ɗaukar ƙaramar cuta domin tunkuɗe babba. A kan wannan tafarki ne Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji ta ba su malfa, suna jagorantar 'yan mata da tsofaffi daga ƙauyuka zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar. Watau magabatanmu, da suka ga abu mai amfani yana tattare da abin ƙi, ba su rufe ƙofa ba, sai suka gina wa mata zaurensu, suka sa mata a kansa.

Yadda kokawa take zama sana'a kuwa, ba sai mun je nesa ba, maƙwabtanmu na Nijar sun nuna mana. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka fara gasar kokawa ta ƙasa ta neman takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, kuma tun daga nan gasar take zagaya jihohi, yanzu jihohi takwas kowace da 'yan kokawa goma, ana watsa ta a rediyo da talabijin, har aka sami irin su Isaka Isaka na Doso da ya ɗauki takobi sau shida. Wasan ƙauye ne irin namu, da kirarinsa da makaɗansa, amma da hukuma ta gina masa fage ta sa masa lada, sai ya zama abin da yaro zai yi buri. Ita kuwa kokawar nan ta Amurka da samarinmu suke kallo a gidajen kallo, wadda ake tsara sakamakonta tun kafin a hau dandamali, ko da yake ta ciyar da mata irin su Mildred Burke, wadda ta riƙe kambin mata tun daga 1937 har kusan shekara ashirin, wasan kwaikwayo ce ta masu ƙarfi, ba ita nake nufi ba, ba kuma ita nake yi wa 'ya'yanmu sha'awa ba.

Wadda nake nufi ita ce irin ta Blessing Oborududu, 'yar Nijeriyar nan mai lambar azurfa da na ambata a farko, kuma tarihinta ya cancanci a tsaya a kansa. An haife ta a 1989 a yankin da yake jihar Bayelsa a yau, cikin Ijawa, mutanen da kokawar gargajiya take da matsayi a wurinsu kamar yadda take da shi a wurinmu. A wasannin makaranta aka fara ganin ƙarfinta, aka kira ta sansanin horo na ƙasa a 2007, iyayenta kuwa da farko ba su so ba, domin su ma a ganinsu wannan aikin maza ne. Abin da ya bambanta ƙasarsu da tamu shi ne ta tarar da hanya a share: kokawar mata ta shiga gasar Olamfik tun 2004, kuma Daniel Igali, ɗan jiharsu wanda ya ci wa Kanada lambar zinariya a 2000, ya komo gida ya tsaya a kan horar da yara maza da mata, daga baya ya shugabanci hukumar kokawa ta Nijeriya. Irin wannan kokawa ana yin ta ne bisa nauyin jiki, zagaye biyu na minti uku-uku, ana ƙidaya maki, wadda kuma ta danne kafaɗun abokiyar karawarta biyu a ƙasa ta gama. Blessing ta je Olamfik a Landan a 2012 ta dawo hannu wofi, ta je Riyo a 2016 haka nan, ba ta fasa ba; ta zama zakarar Afirka fiye da sau goma, ta ci zinariya a wasannin ƙasashe renon Ingila a 2018 da 2022, ta kuma yi karatun jami'a a tsakanin haka. Ranar 3 ga Agusta 2021, a Tokiyo, tana da shekara 32, ta kai karon ƙarshe a ajin kilo 68, Ba'amurkiya Tamyra Mensah-Stock ta rinjaye ta da maki 4 da 1, ta komo da azurfa, wadda ita ce lambar Olamfik ta farko da Nijeriya ta taɓa samu a kokawa, ta maza ko ta mata. Shekara goma sha huɗu ke nan tsakanin kiran farko da wannan rana, kuma shekarun nan su ne daidai waɗanda yarinyar dandalinmu ba ta samu ba. Ba ita kaɗai ba ce: Odunayo Adekuoroye ta jihar Ondo ta ci zinariyar ƙasashe renon Ingila sau uku a jere, Isabelle Sambou ta Senigal ta fito daga cikin Jola na Kazamans, inda 'yan mata suke kokawa tun kaka da kakanni, har ta riƙe tutar ƙasarta a Riyo, kuma a gasar kokawar gargajiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma da aka yi a Abuja a watan Maris na 2025 an shigar da mata karo na farko.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, tufafin da ake wannan gasa da su, da yin ta a gaban maza, abu ne da uba Bazamfare ba zai yarda da shi ga 'yarsa ba, ni ma ban nemi ya yarda ba. Amma wannan ma mas'ala ce ta tsari, an kuwa warware ta a wasu ƙasashen Musulmi: matan Iran suna shiga kokawar ɗamara, wadda asalinta daga Kirgistan ne, sanye da riga da wando da rufin kai, mata ne masu horar da su. Mu a nan, tun da aka ƙirƙiro jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, aka kuma ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, abin da ya fi fitowa fili game da wasannin mata shi ne dakatar da ƙwallon ƙafarsu a farkon 2000, ba a kuwa ji an gina musu wani abu a madadinsa da ya kai wannan hani amo ba. Sa'an nan masifar 'yan bindiga ta zo ta kashe dandali gaba ɗaya a ƙauyuka masu yawa na Tsafe da Bunguɗu, inda manomi bai isa gonarsa cikin aminci ba balle ya yi kiɗa da dare, har ya zama kokawar mazan ma tana neman zama labari. Yarinyar da a da take samun motsa jiki a gaɗa da tafiya rafi, yau tana tsakanin aji da ɗaki da tsoro, kuma likitoci ba su gushe ba suna faɗakarwa a kan abin da zama wuri ɗaya yake jawo wa jiki na hawan jini da ciwon suga.

Kayan aikin gyara kuwa suna nan a hannunmu. A Gusau akwai kwalejin horon malamai ta tarayya ta fasaha wadda mata zalla take ɗauka, akwai makarantun sakandare na 'yan mata masu katanga a Gusau da sauran garuruwa, akwai kuma tsofaffin 'yan kokawa a ƙauyuka da suka san kowane kamu da makarinsa. Ina roƙon hukumomin ilimi da na wasanni na jiha, da sarakunanmu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi, da malamanmu waɗanda maganarsu ce iyaye suke ji, su zauna su fitar da tsarin da 'yan mata za su koyi kokawa da sauran wasannin ƙarfi a cikin makarantunsu, da sutura cikakkiya, malamai mata suna koyarwa, mata suna alƙalanci, mata suna kallo, a kuma sa gasa tsakanin makarantu sau ɗaya a shekara da kaka, da lada mai daraja ga wadda ta yi kaye. Kai kuma mai karatu, idan Allah ya bar maka kaka ko gwaggo da ta yi wasan dandali kafin a tashe shi, je ka gaishe ta a wannan mako, ka tambaye ta wace yarinya ce ba a kayarwa a unguwarsu, ka rubuta abin da ta gaya maka.